Hunturun da Na Shayar da Wardin Ammu Salim

Na sha wahala a wannan tafiya, kuma rabinta ni na jawo wa kaina. Shekarata hamsin da biyu, gwiwata ta hagu ba ta son hawa, sai ga ni a inda ko bayan gida za ka sai ka taka matakala.

Shekara goma sha ɗaya na yi a Jidda ina ɗaukar kaya a wani shagon tayil a Bagdadiyya. Mai shagon shi ne kafilina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar. Ya tsufa, 'ya'yansa ba sa son sana'ar, aka rufe. Bai wulaƙanta ni ba. Ya kira ni ya ce iƙamata, takardar izinin zama, saura wata huɗu, in nemi wanda zai karɓi kafalata shi zai sake ni, in kuwa ban samu ba sai a buga mini fita in koma gida. Gida kuwa ina da mace da 'ya'ya biyar a Kura, kuma lambun da zan koma masa na sayar da shi tun da zan taho. Na zaga Aziziyya, na zaga duk inda aka ce ana neman lebura. Sai a dubi furfurata a ce za a kira ni.

Bakur ne ya zo da maganar dutse. Maƙwabcina ne a Ruwais, haifaffen Jidda, kakansa ya zo hajji daga Haɗeja bai koma ba. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci yake cikawa da shi.

"Ya Ammu Haladu, ba ka ce kai manomi ba ne a balad ɗinku?"

"Lambu na yi. Shekara ashirin."

"Halas. Akwai wani shayib, wani tsoho, a Shafa, can saman Ɗa'if, yana da gonar wardi da ɗakunan baƙi. Ni zan riƙe masa ɗakunan wannan sanyin, yana son mutum biyu a gona. In ya ga aikinka ya yi masa, zai ɗauki kafala. Bas kada ka zo da akwati, matakala ce tun daga titi."

Na biyun shi ne Adam, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, dogo, mai yawan dariya, kowa a wurinsa "ya zol" ne. Ni da shi muka shiga kasuwar Balad muka sayi jakar goyo irin ta 'yan makaranta, manya. Na sayi rigar sanyi a wurin wani da ya rantse mini da ita ake shiga ƙasar Rasha. Ranar da aka fara yayyafi a dutse ta sha ruwa kamar soso, kwana uku ba ta bushe ba.

Bakur ya riga mu tafiya da kwana biyu. Mu muka bi motar haya. Bayan an wuce Makka hanya ta fara naɗewa tana hawa, kunnena ya toshe, in na leƙa taga sai in ga motoci a ƙasa kamar kiyashi. A wani wuri da ake kira Hada direba ya tsaya a sha shayi. Na ajiye ledar burodinmu a kan katanga ina gyara takalmi, wani biri ƙato mai jan gindi ya zo a natse, ya ɗauka, ya zauna nesa kaɗan yana ci yana kallona. Adam ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Ya zol, ka gaishe shi mana, shi ne mai unguwar nan."

Direban da muka yi da shi zai kai mu har Shafa, da muka isa Ɗa'if sai ya tsaya a gidan mai ya ce gajimare ya rufe hanya, ba zai hau ba. Ya sauke mana jakunkuna ya juya. Hanya ba ta rufe ba, muna tsaye muna ganin motoci suna hawa. Muka goya kaya muka kama tafiya a gefen titi, iska tana shiga mini ta wuyan riga. Mun yi kusan awa guda kafin wani Bayamane mai ɗaukar kayan miya ya tsaya mana. Ya sa mu a baya cikin kwandunan kabewa, ya cire bargon da ke kan kujerarsa ya jefo mana. Da muka sauka na miƙa masa abin hannuna ya ture, ya ce in yi wa mahaifiyarsa addu'a. Ban san sunansa ba, amma ina yi.

Shafa gari ne na 'yan hutu. Da zafi mutanen Jidda da Makka suke cika shi, su gudu daga rana. Mu da muka zo da sanyi mun tarar da yawancin gidajen a kulle, lilon yara an ɗaure shi da igiya, masu gasa masara biyu ko uku ne suka rage a bakin hanya. Da la'asar gajimare yakan sauko ƙasa ya shiga tsakanin gidaje, ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka sosai. Duk da haka ɗakunan Bakur ba su rasa mutane ba. Akwai wasu samari 'yan Jidda su biyar da suka kama ɗaki biyu na wata uku, kowa da jakar goyo ta fi tawa, da sanduna, da takalma masu tsada. Da safe su hau dutse, da yamma su dawo su zauna gaban kwamfuta suna rawar ɗari suna murna. Na tambayi Bakur aikin me suke yi a saman. Ya ce ba komai, sanyin suka zo sha. Na ce to Allah ya ƙara musu, nawa ma in suna so su haɗa.

Ɗakinmu yana can ƙasan gona, bayan wasu itatuwa masu duhu da ake kira ar'ar. Ba zan yi ƙarya ba, bayan sati guda na fara jin daɗin wurin. Babu hayaniyar Ruwais, babu gumi, babu mai yi maka tsawa ka sauke kwali. Adam ya iya asida, tuwonsu na Sudan, ni kuma na taho da kuka da daddawa, muka riƙa yin kwana-kwana. Samarin nan suka ɗanɗana miyar kuka sau ɗaya, daga nan kullum sai ɗaya ya leƙo da kwano yana cewa "ya Hajji, fi shurba?" Ni da safa nake kwana, ruwan alwala kuwa sai an ɗora a wuta, amma barcin da na yi a can ban yi irinsa ba tun da na bar gida.

Mai gonar sunansa Ammu Salim. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, yana tafe da sanda amma ya fi ni saurin hawa. Khalid yake kirana. Ranar farko ya zaga da mu, ya nuna mana katangun dutse da za mu gyara, da buhunan takin awaki da za mu hau da su mu tara. Da muka zo wurin tankin ruwa ya buga kan famfon da sanda ya ce, "Mamnu'." Bakur ya ce mana yana nufin kada wanda ya ba gona ruwa sai ya ce. Ba wanda ya tambayi dalili, shi ma bai faɗa ba.

Wardin ne ya hana ni sakat. An ce mini gonar fure, na zaci zan ga kore da ja. Sai na tarar da kututtura masu ƙaya sun kai ƙugu, a jere kan fegi-fegi da aka gina kamar matakala, ganye ya yi rawaya yana zuba, ƙasa ta tsattsage. Na tura yatsa har gaɓa biyu, babu danshi. Na je na leƙa rijiya, cike take. Na ce a raina tsohon nan ko rowa ce ko tsufa. Na gaya wa Adam.

"Ya zol, gonarsa ce. In ya ce a sa mata wuta, kai dai tambaye shi ina ashana."

"Kai ba manomi ba ne."

"Shi ya sa nake barci lafiya."

Waya ba ta kamawa sai a kan wani falalen dutse bayan ɗakinmu. Wata Juma'a na hau na kira Hajara, matata. Ta ba ni labarin yara, sannan ta ce an sako ruwa a kanal, mutane duk sun fita dashen tumatir, wanda ya sayi lambuna ma albasa ya zuba bana, ta yi kyau. Na ce madalla. Na sauko na zauna. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai nake ji a hancina, ga kuma busassun itatuwan nan a gabana suna kallona.

Da ruwan alwala na fara. Fegin ƙarshe yana dab da ɗakinmu, itatuwan ar'ar sun kare shi daga gidan Ammu. Na riƙa yin alwala a gindin tushe ɗaya, na ce wannan ai ba ban-ruwa ba ne. Bayan kwana uku na ga maƙwabcinsa ya ba ni tausayi. Kafin sati na ɗauki fartanya. Akwai famfon wanki a bayan ɗakinmu wanda ba na tanki ba, na ja hanya daga nan, na yi wa kowane tushe fangali, na daidaita gangaren yadda ruwa zai tafi a hankali ba ya cin ƙasa. In wannan ya sha sai in toshe bakinsa da hoge in buɗe na gaba, kamar yadda babana ya koya mini. Tushe talatin da ɗaya ne. Bayan azahar nake yi, lokacin da Ammu yake kwanciya. Adam ya gani ya ce shi bai gani ba.

Cikin sati biyu suka amsa. Toho ja ya fito a kowane reshe, mai laushi, yana sheƙi. Sauran gonar duk toka-toka, nawa fegin kamar an yi masa kwalliya. Har na fara shirya yadda zan kawo tsohon in nuna masa, in ce ga abin da ruwa yake yi, ya sa hannu a takardata a wurin.

Sai wata safiya muka tashi ciyawa ta yi fari kamar an watsa gishiri. Ruwan bokiti ya yi fata a sama, sai da na fasa da yatsa. Na nufi fegina. Tohon nan duk ya yi baƙi ya lanƙwashe, kamar alayyahon da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Sauran gonar da ba ta da toho ko a jikinta.

Ina tsaye a wurin na ji ƙarar sanda a kan matakala. Ammu Salim ne yake zagayen duba ɓarnar sanyi, Bakur yana bayansa da hannu cikin aljihu. Adam ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ka ce bututun wanki ne yake yoyo. Ni shaida ne."

Tsohon ya matsa kusa da wani tushe. Ya kama wani toho ya murza, ya zama ruwa a yatsunsa. Sannan ya bi hanyar ruwan da ƙafa, daga tushen ƙarshe har bakin famfo, ya dawo. Bakur ya fara yi masa bayani da Larabci, na ji yana ambaton bututu. Ammu ya nuna fangalin da sanda ya yi magana gajeriya. Bakur ya sunkuyar da kai.

"Me ya ce?"

"Ya ce bututun nan ashe yana da fartanya."

Na ce, "Ni ne. Kuma ka gaya masa ni ban ga dalilin da za a bar shuka da ƙishirwa ba alhali rijiya cike take."

"Wallahi ya Ammu Haladu ba zan fassara wannan ba."

"Fassara."

Ya fassara. Tsohon ya dube ni tun daga hula har takalmi. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce wardi azumi yake yi. In sanyi ya shigo akan yanke masa ruwa wajen kwana arba'in don ya yi barci ya tara ƙarfinsa a saiwa. In lokaci ya yi a aske shi, a ba shi taki, sannan a ba shi ruwa, sai ya farka gaba ɗaya ya yi fure bayan sanyi ya wuce. Wanda ya ba shi ruwa yanzu ya tashe shi cikin ɗari, ya fito da abin da ya tara, sanyi ya cinye. Ya ce wannan fegin mahaifinsa ne ya dasa shi, kuma daga jikinsa yake yankan irin da yake dasawa kowace shekara. Ya ce, "Halas," ya juya ya hau.

Da yamma na ga an sa wa famfon tanki kwaɗo, an sa wa na wankinmu ma. Sai da bokiti muke ɗebowa daga wurin Bakur.

Kwana tara bai yi mini magana ba. In zai ba da aiki sai ya gaya wa Adam, ko ina tsaye a wurin. Bakur ma ya ɗauke mini wuta kwana biyu, da ya huce ya ce, "Ni na kawo ka, ya Ammu. Na ce masa kai ustaz ne a noma. Yanzu in ya gan ni sai ya ce ina ustaz?" Iƙamata saura sati shida. Na haɗa kayana cikin jakar goyo na jingine ta a bakin ƙofa, don in an ce in tafi kada in tsaya neman safa. Hajara ta tambaye ni ya aiki, na ce lafiya. Taki dai na ci gaba da hawa da shi, buhu bayan buhu, gwiwa tana ƙara. Ba don in burge kowa ba, zama ne ba na iyawa. Abin da ya fi cin raina ba korar ba ce. Shekara ashirin ina lambu, ban taɓa kashe wa mutum shuka ba sai da na yi furfura.

Ranar aski 'yan'uwansa suka zo daga ƙauyukan kusa, mutum goma sha wani abu, aka hura wuta a tsakar gona aka ɗora gahawa. Ana raba almakashi na koma gefe na tsaya. Sai na ji, "Ya Khalid." Ya miƙo mini ɗaya, tsoho mai ƙotar da aka naɗe da tsumma, ya yi gaba, na bi shi har fegin ƙarshe. Ya kama tushen farko, wanda na fara yi wa alwala, ya datse shi daidai gwiwa, ya cire na tsakiya ya bar rassa biyar a buɗe kamar tafin hannu. Ya nuna mini sauran talatin ɗin, ya je ya zauna a kan katanga.

Na yanke su. Duk tohon da na yi sati biyu ina lallaɓawa, baƙin da ɗan koren da ya tsira, ni na zubar da shi da hannuna. Ƙaya ta shiga ko'ina, har ta cikin safar hannu. In na bar reshe ya yi tsawo sai in ji sanda ta buga dutse, in koma in rage. Bai tashi daga wurin ba sai salla. Da aka kawo shinkafa da nama ya sa aka kawo mana namu nan, muka ci a tire ɗaya.

Wajen la'asar na gama. Ammu ya sauko ya tsaya a kan hanyar ruwan nan tawa, wadda har ranar bai sa an rushe ba. Wannan karon bai nemi Bakur ba, da Larabcin kasuwa ya yi mini magana yadda zan gane. Ya ce shi da tiyo yake ba da ruwa, na farkon layi su sha har su gaji, na ƙarshe su samu kaɗan. Amma ya duba nawa, tohon tushe na talatin da ɗaya daidai yake da na farko. Yaya na yi?

Na ɗauko fartanya. Na nuna masa yadda ake duba gangare da ido, yadda ake karya gudun ruwa da ɗan lanƙwasa, yadda ake toshewa da buɗewa. Ya tsuguna da ƙyar ya taɓa bakin fangalin. Ya sa na sake yi a fegin sama, inda ƙasar ta fi tsakuwa. Na yi. Ya miƙe yana riƙe da kafaɗata, ya ƙwanƙwasa goshina da yatsa ya nuna dutsen da ke bayanmu, wato ɗaya suke wajen tauri. Sannan ya kama hannuna mai jini ya jijjiga ya ce wannan kuma ya san ruwa.

Kafin magariba Bakur ya sauko da gudu har yana tuntuɓe.

"Ina wayarka? Yalla, buɗe, buɗe!"

Saƙo ne da Larabci. Ya karanta mini, Ammu Salim ya nemi a mayar da kafalata kansa, saura in amince. Ya ce in danna nan. Na danna, wayar ta ƙi ji, yatsan duk filasta ne. Na gwada na biyu, shi ma haka. Adam yana ta dariya yana cewa ko waya ta san abin da hannun nan ya aikata. Da ɗan ƙaramin yatsa na samu ta karɓa. Bakur ya zaro mabuɗai biyu a zare ɗaya ya ajiye mini a tafi.

"Ya ce gobe azumi ya ƙare. Ruwa a hannunka yake. Bas ya ce in ka ga wani abu ya ba ka tausayi a gonar nan, ko kare ne, ka zo ka tambaye shi tukuna."

Fegin nan dai bai yi furen kirki ba a shekarar, kuma har yau in baƙi suka zo sai Ammu ya nuna musu shi, sannan ya nuna ni. Na saba.

Washegari da na idar da asuba na zazzage jakar goyon na rataye ta a ƙusa. Na sha shayi, na jira rana ta fito farin da ke kan ciyawa ya narke, don yanzu na san ba a yi wa wurin nan gaggawa. Sannan na saɓa fartanya na hau matakala har tanki, na buɗe kwaɗon, na murɗa famfon. Daga fegin sama na fara, ina ja wa ruwa hanya yana bina a baya. Na ƙasan, talatin da ɗayan nan, sai da kowa ya sha na zo kansu. Sun riga sun sha nasu tun tuni.